Yadda Ake Tayar da Madaci da Sauran Itatuwan Magani, Daga Iri Har Zuwa Kwalba

Ka tsaya gindin kowane tsohon madaci da ke bakin hanya ka dubi jikinsa. Daga ƙasa har iyakar inda adda ke kaiwa da wuya ka ga lafiyayyen ɓawo, sai tabo kan tabo, wani ya warke ya yi kumburi, wani ɗanye jajir yana tsattsafo da ƙaro. Wannan ya sassaƙa don zazzaɓi, wancan don ciwon ciki, wani kuma don dokinsa. Ba na zargin mai sassaƙa, lalura ce ta kawo shi. Abin da ke damuna shi ne, a gindin yawancin waɗannan itatuwa ba za ka ga ko ɗan tsiro ɗaya da zai gaje su ba. Awaki sun cinye, wutar daji ta lashe saura.

Damuwar ta wuce unguwa ɗaya. Ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa ta daɗe da sanya madaci cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari, kuma a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Panama a 2022 an shigar da madacin Afirka cikin itatuwan da ba a fataucin katakonsu tsakanin ƙasashe sai da izini. Madobiya ta riga shi shiga tun 2017, bayan saran da aka yi mata ana lodawa zuwa Chana. Uwar magunguna kuwa, wadda wasu ke kira sanya, tata ta fi muni, don saiwarta ake nema, kuma wanda ya tone saiwa ya kashe itace.

Hanyoyin tayar da sabbi uku ne: iri, yankan reshe, da renon tsiro a cikin kwalba. Ta farko ita ce babba, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Tara iri

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, tun kafin a taɓa ƙasa. Mutum ya sami itace ɗaya mai 'ya'ya jingim kusa da gida, ya cika buhu, ya shuka dubu. Dashen nan dubu duk 'yan ɗaki ɗaya ne, cutar da ta kama ɗaya tana iya bin su kaf. Idan kiyaye jinsin itacen kake nufi, ka ɗebo iri daga uwaye aƙalla 25 zuwa 30, kuma tsakanin kowace uwa da 'yar'uwarta a sami tazarar mita 50 zuwa 100, domin na kusa da juna galibi dangi ne. Kada ka kwashe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na 'ya'yan da ke kan itace. Daji ma yana buƙatar nasa rabon.

'Ya'yan madaci ƙwallo ne mai tauri, toka-toka, bai kai girman lemon zaƙi ba, yana tsaye a kan reshe yana kallon sama. Cikin rani yake nuna, ya tsage gida huɗu, iska ta kwashi irin, wanda falafala ne ruwan ƙasa mai siririn fiffike kewaye da shi. Kada ka jira ya zubo. Wanda ya kwana biyu a ƙasa ƙwari sun riga ka. Da ka ga 'ya'yan farko sun fara tsagewa, ka sa gora mai ƙugiya ka tsinko waɗanda suka ƙosa, ka shanya su a kan tabarma kwana biyu zuwa uku, za su buɗe da kansu. Ka karkaɗe irin, ka sha iska da shi a inuwa.

Irin kowace uwa ka zuba shi a takardarsa daban, ka rubuta gari, rana, da wata alama da za ka gane itacen da ita, misali "na bakin rafi, gabas da maƙabarta". Leda ba ta dace da ɗanyen iri ba, gumi take sa shi ya yi fumfuna.

Sai ka san wane iri ne ke jira, wane ne ba ya jira. Bagaruwa, kirya, gawo, kuka da tsamiya, idan sun bushe sarai aka rufe su a kwalba da ɗan toka saboda ƙwari, aka ajiye a wuri mai sanyi, suna kai shekaru. Madaci a zafin ɗakunanmu 'yan watanni kaɗan yake yi ƙarfinsa ya fara raguwa, don haka ka shuka shi da ɗuminsa. Ƙwarar kaɗanya da irin dogonyaro sun fi kowa gajen haƙuri, cikin makonni suke mutuwa, kuma shanya ƙwarar kaɗanya a rana kashe ta yake yi. Irin waɗannan ko manyan rumbunan ajiyar iri, kamar wanda lambun Kew na Ingila ya buɗe a 2000, ba sa iya daskarar da su yadda ake yi wa sauran. Ajiyarsu ɗaya ce, a bar su a raye a ƙasa.

Farkar da iri mai taurin ɓawo

Madaci ba ya buƙatar komai. Sabon iri, ƙasa mai laima, cikin mako biyu zuwa uku ka ga kai ya ɓullo.

Su kirya da bagaruwa da ɗorawa da kuka fa, Allah ya yi musu sulke. Ruwa ba ya ratsa ɓawon, sai iri ya shekara a ƙasa yana barci. A daji dabbobi ne ke yin aikin: akuya ta ci kwanson bagaruwa ko na gawo, irin ya bi ta cikinta ya fito a shirye. Shi ya sa ake ganin tsiron gawo a tsohon makwancin dabbobi. Kai kuma kana da dabaru biyu.

Ta farko ruwan zafi. Ka tafasa ruwa, ka sauke daga wuta, ka juye a kan irin, ruwan ya ninka yawan irin kamar sau biyar. Ka bar shi ya huce a haka ya kwana. Da safe ka tsince waɗanda suka kumbura ka shuka nan take, waɗanda suka ƙi ka maimaita musu. A kula, ba dafa iri ake yi ba. Na taɓa barin tukunyar kalwa a kan garwashi ina cewa ai wutar ta mutu, leda ɗari biyu na cika, ko ɗaya bai fito ba, daddawa kawai na fara ban ƙarasa ba.

Ta biyu ita na fi yarda da ita idan irin ba shi da yawa. Ka ɗauki abin yankan farce ko ƙaramin magagari, ka ɗan cire ɓawon a gefen da ke nesa da cibiyar irin, daidai yadda za ka hango farin ciki ba tare da ka ji masa rauni ba. Ka jiƙa a ruwan sanyi ya kwana. Kirya da kuka sun fi jin wannan. Aikin zama ne, mutum biyu a kan tabarma da yamma sai su gama ɗari biyar.

Za ka ji ma'aikatan gandun daji suna maganar jiƙa iri a asid. Gaskiya ne, yana aiki, amma asid ne mai ƙarfi da ke cin fata da ido, na ɗakin gwaji ne. Kada ka gwada a gida.

Aduwa da ɗinya da kanya, a fara wanke naman jikinsu tas, sannan a jiƙa ƙwallon kwana ɗaya.

Kafin ka cika ɗaruruwan leda, gwada irin. Ƙirga 100, jera su a kan jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsumma, naɗe, ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa kullum. Abin da ya tsira cikin mako uku shi zai gaya maka ko iri ɗaya za ka sa a leda ko uku.

Leda, ƙasa da reno

Haɗin da nake yi: kwano biyu na ƙasar gona ta sama, kwano ɗaya na yashi, kwano ɗaya na taki da ya ruɓe sosai har ya daina wari da zafi. A tankaɗe. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. In da hali ka haɗa da ɗan ƙasar gindin uwar itacen, musamman ga ɗorawa da kirya, saboda akwai ƙananan halittu a ciki da ke taimakon saiwa.

Baƙar leda mai tsawon santimita 20 zuwa 25 ta fi. Ledar fiya wata tana yi wa zogale da sauran masu saurin fita, amma ta yi wa madaci gajarta. Ka huda gindin, ka cika, ka jera a layi mai faɗin da hannunka zai kai tsakiya, ka ba su ruwa kwana biyu kafin shuka.

Zurfin shuka kada ya wuce kaurin irin sau biyu. Irin madaci a kwance ake sa shi, a rufe da yashi kamar santimita ɗaya zuwa biyu. A yi rumfar zana ko ta karan dawa mai barin rabin rana ta ratsa. Ban ruwa safe da yamma da bututu mai ƙananan huji, ƙasa ta yi laima amma kada ta yi caɓi. Idan ka ga tsiro yana lanƙwashewa daga wuya, wurin ya yi baƙi ya sirance, ruwa ya yi yawa kuma iska ba ta ratsawa. Cire waɗanda suka kamu, rage ruwa, buɗe rumfar.

Duk mako biyu zuwa uku ka ɗaga kowace leda ka matsar da ita. Saiwar da ta huda ta shiga ƙasa ka datse ta da wuƙa mai kaifi. Wanda ya yi sakaci da wannan, ranar dashe zai tarar dashensa ya kafe, in ya fizga ya tsinke uwar saiwa. Saura wata guda a fita da su, ka janye rumfar a hankali, ka rage ruwa, su saba da wahalar da ke jiransu.

Uwar magunguna tana da nata hali. Irinta mai fiffike ɗaya ne, fitarsa ba ta da tabbas, kuma tsironta ba ya son a taɓa masa saiwa. Ka cire fiffiken, ka jiƙa ya kwana, ka shuka da yawa a doguwar leda mai yashi sosai, ko ma ka shuka kai tsaye inda kake so ta zauna ka kewaye wurin. Kaɗanya ma gara a shuka ta a mazauninta, kuma kada ka fid da rai in ka ga shiru, saiwa take fara kafawa a ƙasa, sai bayan watanni kai ya fito.

Hano da dashi ba sai an wahala da iri ba. A ƙarshen rani, kafin su yi sabon ganye, ka sari reshe mai kaurin sanda, ka bar bakin ya bushe kwana biyu, ka kafa. Haka iyayenmu suke shinge da su tun da can.

Renon tsiro a kwalba

Wannan hanya tana da amfani a wuri uku: itacen da irinsa ba ya fita, itacen da ya rage ƙalilan har ba a samun iri, da kuma lokacin da ake son ninka wata uwa ta musamman. Tushenta shi ne, ɗan guntun jikin tsiro, idan aka ba shi abinci da tsafta, yana iya zama cikakken tsiro. Wani masani ɗan ƙasar Austriya, Gottlieb Haberlandt, ya kawo tunanin a 1902, kuma abincin da aka fi amfani da shi har yau Murashige da Skoog ne suka haɗa shi a 1962, shi ya sa ake ce masa MS. A Najeriya da wannan hanya cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ke adanawa da ninka ayaba, doya da rogo, cibiyar adana irin tsirrai ta NACGRAB ma a Ibadan tana da ɗakin wannan aiki.

Ga abin da ke shiga lita ɗaya. Garin MS giram 4.4, sukari giram 30, a narkar a tataccen ruwa. A sa sinadarin da ke sa toho, wanda ake kira BAP, miligiram 0.5 zuwa 2. A daidaita tsamin ruwan, wato pH, ya tsaya a 5.8. Sannan a zuba garin aga giram 8, wani abu ne da ake samu daga ciyawar teku, a ɗumama har ya narke. Idan ya huce yakan daskare kamar agidi. A zuba mililita 25 zuwa 30 a kowace kwalba, kwalaben jam ko na mayonis da aka wanke sun isa, lita ɗaya ta ba ka fiye da talatin. A rufe sako-sako, a dafa a tukunyar matsi a zafin digiri 121 na minti 15 zuwa 20. A tare da su a dafa ruwan ɗauraya, hantsaki, da wuƙar fiɗa a naɗe a takarda. Bayan sun huce ka bar kwalaben kwana uku. Wadda ta nuna fumfuna ka fitar da ita tun ba ka yi asarar tsiro ba.

Abin da za a shuka shi ne gaɓa mai ido ɗaya, tsawon santimita ɗaya zuwa biyu. Kada ka yanko daga kan tsohon itace, tsufa na sa shi taurin kai, ga datti. Ka ɗauka daga dashen da ka rena a leda, ko daga sabon tohon kututture. Mafi sauƙi ma, ka tsirar da irin a cikin kwalbar, sannan ka yanka gaɓoɓin wannan tsiro mai tsabta.

Wanki shi ne rabin aikin. A wanke gaɓoɓin da ruwa mai gudu da ɗigon sabulun ruwa na minti 20. A tsoma a sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 na daƙiƙa 30. A mayar cikin ruwan bilic, irin su Jik mai ƙarfin kashi 3.5, awo ɗaya a awo biyu na ruwa, minti 10 zuwa 15 ana girgizawa. A ɗauraye sau uku da dafaffen ruwan nan. A datse bakin da bilic ya ƙona, a kafa gaɓar a tsaye cikin abincin, ido yana sama.

Daga sifirit zuwa rufe kwalba, komai a gaban injin tace iska ake yi. Inda babu, a kifa babbar robar ajiya mai haske, a huda ƙofa biyu na hannu, a goge ciki da sifirit, a kashe fanka, a rufe taga. Ba magana, ba tari a kan buɗaɗɗiyar kwalba. Hantsaki a tsoma a sifirit a gasa a wuta bayan kowace gaɓa, a bar shi ya huce, kuma kwanon sifirit ya yi nesa da harshen wuta. Lokacin hunturu da ƙura ta cika iska, asarar ta fi yawa.

A jera kwalaben ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, awa 16 haske, awa 8 duhu, zafin ɗaki wajen digiri 25. A nan ne ƙasarmu ke gwada mutum. A watan Afrilu ɗakin kwano yana wuce digiri 40, kuma yini biyu ba na'urar sanyaya ɗaki sun isa su dafa aikin wata shida. Wanda ba shi da sola ko wuta tsayayya, shawarata ya kai kayansa ɗakin gwajin wata jami'a ko cibiyar bincike su yi aikin tare, ya fi masa.

Abubuwa uku za ka gani a makon farko. Farin gashi ko kore-kore a kan abincin fumfuna ce. Wani majina-majina a gindin gaɓar ƙwayoyin cuta ne. Duka biyun ba magani, a sake dafa kwalbar a rufe sannan a zubar. Na uku, abincin ya rine ya yi ruwan shayi kewaye da gaɓar. Itatuwan magani sun fi yin haka, domin sinadaran ɗaci da bauri da muke nema a jikinsu su ne ke tsiyayowa daga yankan su kashe tsiron. Maganinsa a sa garin gawayin asibiti giram ɗaya zuwa biyu a lita, ko a jiƙa gaɓar a ruwan bitamin C kafin shuka, a ajiye a duhu na 'yan kwanaki, a riƙa sauya kwalba da wuri.

Idan ta karɓa, cikin mako uku zuwa huɗu ido zai fashe ya fid da toho. Duk wata a fito da su, a yanka gaɓa-gaɓa, a sa a sabon abinci. In kowace gaɓa tana ba da uku, wata shida za su kai 729 a lissafi, ko da yake lalacewa za ta ci nata. Kada kwaɗayi ya sa ka ƙara BAP: toho zai fito kamar gilashi, jiƙe-jiƙe, ko gindin ya yi wani dunƙulen tsoka marar siffa, kuma tsiron da ya fito daga wannan tsoka yana iya saɓa wa uwarsa.

Tohon da ya kai santimita uku zuwa huɗu a mayar da shi abincin saiwa: rabin garin MS, babu BAP, sai sinadarin da ke sa saiwa, wanda ake kira IBA, miligiram 1 a lita a matsayin mafari. Kowane jinsi da awon da yake so, don haka a gwada awo uku ko huɗu a rubuta sakamako.

Fitowa daga kwalba ita ce gaɓar da aka fi mutuwa. Tsiron bai san busasshiyar iska ba, ganyensa ba ya iya riƙe ruwa. A wanke agan da ke jikin saiwa tas da ruwa mai ɗumi kaɗan, in an bar shi fumfuna zai jawo. A dasa a yashi da ƙasa da aka turara a tukunya, a kifa farar leda a kai, a ajiye a inuwa. Bayan mako ɗaya a huda ledar, kullum a ƙara huji, a cire ta gaba ɗaya a mako na uku ko na huɗu. Daga nan ya zama dashe kamar kowane.

Ka tuna duk tsiron da ya fito daga gaɓa ɗaya mutum ɗaya ne aka maimaita. Kwalba dubu daga uwa ɗaya ba su kai dashe talatin daga uwaye talatin daraja ba wajen kiyaye jinsi. Ka fara da uwaye da yawa, kowace da lambarta a jikin kwalba.

Dasawa

A jira damina ta zauna, wajen Yuli, bayan ruwa mai ƙarfi. Rami santimita 40 faɗi da zurfi, ƙasar sama da taki a ƙasa. A yanke gindin ledar da wuƙa, a tsaga gefe, a sa dashen ba tare da ƙasar ta watse ba, wuyansa daidai da bakin rami, a yi masa ɗan kwari na tare ruwa. Madaci ya kai santimita 30 zuwa 40 kafin a fita da shi, in bai kai ba ya ƙara shekara a leda mafi girma.

Kada ka jera madaci zalla a fili. Akwai wata tsutsa da ke huda kan tohonsa ta sa shi ya yi rassa barkatai, kuma ta fi ɓarna inda aka tara shi wuri ɗaya a rana. Ka gauraya shi da wasu itatuwa, tazarar mita biyar ko fiye. Toka a bakin rami tana rage gara. Kowane dashe a kewaye shi da ƙaya ko kwandon kara ko tubali tun ranar da aka dasa shi, ba gobe ba, a kuma share ciyawar kewaye kafin lokacin gobarar daji. Rani biyu na farko yana son bokiti ɗaya na ruwa duk mako. A littafinka ka rubuta lambar uwar kowane dashe da inda ka sa shi, bayan shekara ka zagaya ka ƙirga waɗanda suka rayu, ka cike gurbin da ya mutu da 'ya'yan wata uwar daban.